Wuƙaƙen Timus: Yadda Ake Horar da Garkuwar Jiki a Ƙirjin Yaro

Duk mahaucin da ya daɗe yana fiɗa a Filinge ya san wani nama mai taushi, fari-fari, da ake tararwa daga gindin wuyan ɗan maraƙi ko ɗan rago zuwa cikin ƙirji. In dabbar ƙarama ce mai ƙoshi, naman yakan cika hannu. In tsohon bijimi ne, sai a neme shi a rasa, kitse ya maye gurbinsa. In kuma ɗan maraƙin ya sha wuyar rani, uwa ba nono, sai a tarar ya motse kamar tsumma. Likitoci na kiran wannan nama timus. Ɗan Adam ma yana da nasa, a bayan ƙashin ƙirji, saman zuciya, kuma yadda mahauci ke ganinsa a dabba haka yake a mutum: babba a ƙuruciya, ya shanye a tsufa, ya motse a yunwa.

An daɗe ana ɗaukar timus naman banza, domin wanda duk ya leƙa shi da madubin likita sai ya ga fararen ƙwayoyin jini na mutuwa a ciki birjik. A 1961 ne Jacques Miller, matashin likita haifaffen Faransa da ya yi karatu a Ostareliya, yana aiki a Landan, ya cire timus daga jikin ɓeraye sabbin haihuwa. Ɓerayen suka taso ba kuzari, cuta kaɗan ta kayar da su, ko fatar wani ɓera aka dasa musu jikinsu ba ya ƙin ta. Daga nan aka gane cewa wani babban reshe na dakarun garkuwar jiki a timus yake samun horo, aka kuma ɗauko harafin farko na sunan aka kira su ƙwayoyin T. Su ne ke kashe ƙwayar jikin da bairus ya shiga, su ne ke ba sauran dakaru umarni. Awon CD4 da ake yi wa masu ɗauke da cutar sida ƙidayar wani kashi ne na waɗannan ƙwayoyi.

Karen makiyayi

Bafillatanin da ke kiwo a Dallol Boso in zai ɗauki kare, abu biyu yake nema gare shi: ya san garken, kada kuma ya ciji ƴan tumakin da aka ba shi tsaro. Karen da bai damu da garke ba ciyar da shi asara ne, wanda ke cizon garke kuwa ya fi dila ɓarna. Wannan ita ce matsalar da timus ke warwarewa.

Kowace ƙwayar T na da wata ƴar ƙugiya a jikinta, da ita take kama abin da ta gane. Jiki bai san cutar da za ta zo gobe ba, don haka ba ya ƙera ƙugiyoyin bisa tsari. Wasu sinadarai biyu, RAG1 da RAG2, ke yanka ƙwayoyin gado su sake ɗinke su yadda ta faɗo, kamar ƙuri'a, sai a sami miliyoyin ƙugiyoyi kowace da siffarta. Mafi yawansu ba sa kama komai. Wasu kuma naman mai su za su kama. Dole a tankaɗe, kuma tankaɗen ba sauƙi: a timus ɗin matashin ɓera ana haifar ƙwayoyi kusan miliyan 50 kowace rana, amma miliyan 1 zuwa 2 kacal ke fita da rai. Maƙabartar da masanan farko suka gani, ta waɗanda suka faɗi jarrabawa ce.

Faifan talla da masu riƙe da wuƙa

Furotin, wanda shi ne tubalin ginin jiki, kamar carbi yake: dogon zare da aka jera wa duwatsu iri 20 da ake kira amino asid. Kowace ƙwayar halitta tana ƙera furotin ba dare ba rana, tana kuma farfasa tsofaffi da gurɓatattu. Injin da ke yawancin wannan farfashe shi ake kira furotiyasom, siffarsa kamar ƴar ganga mai rami a tsakiya. Furotin ɗin da aka yanke wa hukunci sai a liƙa masa wata shaida mai suna yubikwitin, a zura shi cikin gangar, ya fito gunduwa-gunduwa. Gano wannan tsari ne ya ba Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose lambar Nobel a 2004.

Ba duka guntayen ake zubarwa ba. Ƙwayar na tsintar wasu masu tsawon dutse 8 zuwa 10, ta ɗora su a kan wani abu kamar faifan talla mai suna MHC na ɗaya, ta fito da shi bakin ƙofarta. Kusan kowace ƙwaya a jiki na ɗauke da wannan faifai, tana nuna samfurin abin da ake dafawa a cikin gida. In bairus ya shiga, guntayensa ma za su hau faifan, ƙwayar T mai alamar CD8 ta gani ta kashe gidan baki ɗaya. Akwai faifai na biyu, MHC na biyu, wanda wasu zaɓaɓɓun ƙwayoyi kaɗai ke ɗauka. Guntayensa sun fi tsayi, kuma a wani ɗan buhu mai tsami a cikin ƙwaya ake yanka su, da wuƙaƙen da ake kira katefsin. Ƙwayoyin CD4 ke duba wannan faifai. A 1974, a birnin Kanbera, Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka nuna cewa ƙwayar T ba ta gane cuta sai a kan faifan gidansu, binciken da ya ba su Nobel a 1996.

A nan ne zancen wuƙa ya shigo. Ƙwayar T ba ta taɓa ganin furotin cikakke, guntu kawai take gani. Rago ɗaya ne, amma yankan mai kilishi daban, na mai tsire daban, na mai balangu daban. Wanda ke riƙe da wuƙa shi ke yanke abin da zai hau faifai, abin da ya hau faifai kuma shi ne tambayar jarrabawa.

Jarrabawa biyu a gida ɗaya

Ɗalibin daga ɓargo yake tasowa, ya biyo jini ya shiga timus. Ko rijistarsa ma da yanka ake yin ta: akwai wani furotin a jikinsa mai suna Notch, wanda sai sinadarai biyu, ADAM10 da gama-sekretaz, sun datse shi kafin saƙon zama ƙwayar T ya isa cikin ƙwayar. In aka hana wannan yanka, horon ba ya ma farawa.

Timus kashi biyu ne, ɓawo da tsakiya. A ɓawo ake jarrabawar farko. Ɗalibin, wanda a lokacin yake ɗauke da CD4 da CD8 duka, yana da kwana 3 zuwa 4 ya zaga tsakanin ƙwayoyin da ke koyarwa, yana gwada ƙugiyarsa a kan faifansu. Guntayen da ke kan faifan na jikin mai shi ne, tunda babu cuta a wurin. In ƙugiyar ta ɗan kama, sai a ba shi saƙon rayuwa. In ba ta kama komai ba, ba wanda zai kula shi, ya mutu, kuma a nan mafi yawa ke ƙarewa. Wanda ya kama faifai na ɗaya ya zama CD8, wanda ya kama na biyu ya zama CD4.

Waɗanda suka tsallake sai su gangara tsakiya. Ƙwayoyin da ke koyarwa a can suna da wata baiwa: da taimakon ƙwayar gado mai suna AIRE suna ƙera ɗan kaɗan daga furotin na kusan kowane sashe na jiki, har da insulin wanda aikin gaɓar fankiriyas ne, su yanka su ɗora a faifai. Ɗalibin da ya cafke irin wannan guntu da ƙarfi ya tona kansa, shi ne karen da zai ciji garke. Ko dai a kashe shi, ko a juya shi ya zama mai tsawatarwa, wato ƙwayar T mai hana sauran wuce gona da iri, irin waɗanda Shimon Sakaguchi ya bayyana a 1995. Mutanen da aka haifa da AIRE a lalace garkuwar jikinsu kan far wa gaɓoɓinsu da dama.

Ga inda gizo ke saƙa. Jarrabawar farko ta ce sai ka kama naman gida za ka rayu, ta biyu ta ce in ka kama naman gida za ka mutu. Amsar da aka daɗe ana bayarwa ita ce ta ƙarfin kamu: sako-sako ya wuce, mai tsanani ya halaka. Amsar gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Abin da aka gano daga ƙarshen ƙarni na 20 shi ne wuƙaƙen ɓawo ba irin na tsakiya ba ne, saboda haka tambayoyin jarrabawar biyu ma sun bambanta.

Wuƙar da babu irinta

Gangar furotiyasom gaɓoɓi 28 gare ta, zobe huɗu kowane mai gaɓa bakwai. A kowane zoben ciki gaɓoɓi uku ne ke da kaifi: beta-1, beta-2 da beta-5. Tun farkon shekarun 1990 an san cewa in jiki na yaƙi da cuta yakan sauya kaifin ukun nan da wasu da suka fi iya fitar da guntayen da ke zama daram a kan faifai. A 2007 sai Shigeo Murata da Keiji Tanaka a Tokiyo, tare da Yousuke Takahama na Jami'ar Tokushima, suka wallafa a mujallar Science cewa sun gano kaifi na daban, suka sa masa suna beta-5t. A duk faɗin jiki, ƙwayoyin koyarwa na ɓawon timus ne ke ɗauke da shi. Ƙwayar gado FOXN1, wadda ita ce uwar ginin timus gaba ɗaya, ita ce ke kunna shi.

Bambancinsa yana wurin da yake sara. Beta-5 na yau da kullum yana son datse zare a bayan duwatsu masu maiƙo, waɗanda ba sa jituwa da ruwa, kuma irin wannan ƙarshe ne faifai na ɗaya ya fi riƙewa. Bakin beta-5t kuwa an ƙera shi ta yadda wannan sara ba ta yi masa sauƙi, don haka daga furotin guda sai ya fitar da wasu guntaye da sauran jiki ba ya fitarwa. Da aka samar da ɓerayen da ba su da shi, timus ɗinsu ya ginu lafiya, ƙwayoyin CD4 suka fito cif, amma CD8 suka ragu zuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Binciken da ya biyo baya a 2010 ya nuna cewa ƴan kaɗan ɗin da suka fito ma ba su da karsashi a gaban bairus. Da aka cusa wani kaifin a gurbinsa, bai maye aikinsa ba.

A ɓangaren CD4 ma labarin ya yi kama da haka. Faifai na biyu da toshiya ake ƙera shi, wani furotin da ke rufe wurin ɗora guntu har sai faifan ya isa buhun yanka. A yawancin ƙwayoyin da ke ɗaukar wannan faifai, katefsin S ke cire toshiyar. A ɓawon timus na ɓera kuwa katefsin L ke yi. Rukunin Alexander Rudensky a Siyatil ta Amurka ya nuna a 1998 cewa ɓeran da ba shi da katefsin L ya rasa fiye da rabin ƙwayoyinsa na CD4, daga baya kuma aka gane cewa wuƙar ba cire toshiya kaɗai take yi ba, tana sassaƙa guntayen da kansu. A mutum, wani ɗan'uwansa mai suna katefsin V ne ya fi yawa a wannan wuri.

Wuƙa ta uku, TSSP, ta fi ba da mamaki. Ƙwayar gadonta, PRSS16, tana kan kuromozom na 6, kusa da inda ƙwayoyin gadon faifan suke. In aka cire ta, yawan CD4 ba ya sauyawa sosai, amma wasu nau'o'in ƙugiya kan ɓace. A 2011 masu bincike a Tuluz ta Faransa suka cire ta daga wani jinsin ɓera da ke kamuwa da ciwon sukari nau'i na 1, wanda garkuwar jiki ke haddasawa ta hanyar kashe ƙwayoyin da ke yin insulin. Ɓerayen suka tsira daga ciwon. Bayanin da aka bayar shi ne wuƙar kan wuce gona da iri ta niƙe wasu guntayen da ya kamata a nuna wa ɗalibai, sai mugun kare ya wuce ba a gane shi ba. Ke nan wuƙa na iya rubuta tambaya, tana kuma iya goge ta.

Saura tambayar inda ƙwayoyin koyarwa ke samo naman da suke yankawa don faifai na biyu, tunda ba su cika haɗiyar abu daga waje ba. Nasu suke ci. Akwai wata hanya da ƙwaya ke naɗe wani sashe na cikinta ta tura shi buhun yanka, wadda sauran jiki ya fi kunnawa lokacin yunwa, amma a timus kullum a kunne take. Rukunin Ludger Klein ya nuna a 2008 cewa in aka toshe ta a ƙwayoyin koyarwa, ɓeraye kan kamu da kumburin hanji da na wasu gaɓoɓi, alamar garkuwa ta juya wa mai ita.

Inda masana suka rabu

An yarda cewa wuƙaƙen ɓawo na musamman ne. Dalilin hakan ne ake ja-in-ja a kai. Kashi na farko na cewa abin da ake buƙata bambanci ne kawai: in guntayen jarrabawar farko ba su sake bayyana a ta biyu ba, ɗalibin da ya tsallake ba zai sake karo da abin da ya kama ba, sai a sami dakaru masu yawa masu ƙugiya iri-iri. Hujjarsu mafi ƙarfi ta fito a 2016 daga rukunin Kenneth Rock a Amurka. Sun cire beta-5t tare da kaifin nan uku na lokacin yaƙi, ya zama ɓawo da tsakiya wuƙa iri ɗaya suke amfani da ita, sai kusan kashi 90 cikin 100 na CD8 suka salwanta, da yawansu a jarrabawa ta biyu.

Kashi na biyu na cewa guntayen beta-5t suna da wata siffa tasu da ke sa ƙugiya ta kama sako-sako, daidai gwargwadon da ake so, har ma su saita yadda ƙwayar za ta riƙa amsa kira bayan ta fita. Binciken Japan na 2015 da ya karanta jerin duwatsun guntayen ya goyi bayan haka. A ganina babu dole sai ɗaya ya kayar da ɗaya, domin guntu na iya zama baƙo ga tsakiya kuma ya kasance mai sauƙin kamu.

Akwai abin da ke hana a cika baki. Kaza da zabo da sauran tsuntsaye ba su da beta-5t sam, kuma suna da ƙwayoyin CD8 da ke aiki. Sannan mafi yawan hujjojin nan daga ɓera suka fito. A mutum, abin da ke hannu shi ne an samu ƴan bambance-bambance a ƙwayar gadon beta-5t tsakanin jama'a, wasu na rage aikinsa, kuma likitocin da ke duba tsoka a madubi na amfani da shi wajen rarrabe nau'o'in ƙarin da ke fitowa a timus. Daga nan zuwa maganin da za a ba majiyyaci akwai sauran tafiya.

Daga Tokiyo zuwa ƙasar Kurfai

Mai karatu a Filinge ko Cikal ko Bonkuku na iya cewa wannan zancen ɗakin gwaji ne na ƙasashen da suka ƙoshi. Amma duk waɗannan wuƙaƙe a ɓawon timus suke aiki, kuma ɓawon ne yunwa ke fara cinyewa. In abinci ya yi ƙaranci, sinadarin kotizol na hawa a jini, na leftin ya sauka, ɗaliban da ke jiran jarrabawar farko su mutu da yawa, har iyakar da ke tsakanin ɓawo da tsakiya ta dushe. Tun 1845 likitan Ingila John Simon ya lura cewa timus ma'aunin ƙoshi ne mai saurin nunawa.

Rashin kula da wannan ya taɓa jawo masifa a Turai da Amurka. Masu nazarin gawa sun saba da gawarwakin ƴaƴan talakawa da yunwa da doguwar jinya suka kashe, sai suka ɗauka ƙaramin timus shi ne daidai. Da suka ga babba a jaririn da ya mutu farat ɗaya, suka ce cuta ce. A rabin farko na ƙarni na 20 an haska wa dubban jarirai lafiyayyu hasken radiyeshan a ƙirji don a rage shi, daga baya wasunsu suka kamu da sankarar gaɓar tayirod da ke wuya.

Afirka ta Yamma ta ba da gudummawa babba a wannan ilmi. A Gini Bisau, shirin bincike na Bandim ya auna timus ɗin jarirai da na'urar hoton ciki, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, ya tarar cewa masu ƙaramin timus sun fi mutuwa a ƙuruciya, ko da an yi la'akari da nauyinsu. A Keneba ta Gambiya an ga timus ɗin jarirai ya fi ƙanƙanta a watannin yunwa na damina, kuma nonon iyaye a lokacin kaka ya fi ɗauke da sinadarin IL-7 da ɗaliban timus ke buƙata. A can ne kuma wani bincike na 1997 ya nuna cewa waɗanda aka haifa a watannin yunwa sun fi mutuwa da cututtuka masu yaɗuwa bayan sun balaga, kodayake da aka duba a Niakhar ta Senegal ba a ga haka ba.

Darasin da ya fi shafar asibitocinmu daga Kocabamba ta Bolibiya ya zo a shekarun 1990. Yaran da tamowa ta kama sun dawo da nauyinsu cikin kimanin wata ɗaya, amma timus sai da ya ɗauki wata biyu. Waɗanda aka ƙara wa sinadarin zinki sun fi saurin farfaɗowa, abin da aka fara lura da shi a Jamaika tun 1977. Ma'ana, yaro na iya cika sikeli a sallame shi, alhali makarantar da ke ƙirjinsa ba ta gama buɗewa ba.

Kurfayawa, mutanen yankin Filinge, ba baƙin yunwa ba ne. Ta 1931 da fari suka kawo, da ta 1973 da 1984, da ta 2005 wadda ta biyo bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, duk sun ratsa yammacin Nijar. Ko a shekarar da aka samu albarka, daga Yuni zuwa Satumba rumbu kan yi ƙasa, daidai lokacin da aikin gona ya yi wa mata yawa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya taso. Yanzu ga rashin tsaro a arewacin jahar Tilaberi da ya raba iyalai da gonakinsu da dabbobinsu. Ga shi kuma lokacin timus ba ya jira. Tun daga shekarar farko ta rayuwa naman da ke koyarwa yake fara raguwa, kimanin kashi 3 cikin 100 a kowace shekara har zuwa tsakiyar rayuwa. Bai daina amfani ga manya ba: wani bincike a Boston a 2023 ya nuna cewa manyan da aka cire wa timus a tiyata sun fi takwarorinsu mutuwa cikin shekara biyar kusan ninki uku. Amma babban tarin dakarun da mutum zai rayu da su a ƙuruciya ake yaye shi.

Abin da ke hannunmu

Babu ƙwayar magani a kanti da ke wasa wuƙaƙen timus, duk wanda ya tallata maka irinta kuɗinka yake so. Abin da ke raya timus sananne ne. Dakashi, nonon farko da wasu ke matsewa su zubar, a ba jariri shi. Nonon uwa zalla har wata shida, uwar kuma a ciyar da ita. Bayan nan kunun hatsi kaɗai ba ya isa, domin hatsi na ɗauke da wani sinadari da ke riƙe zinki ya hana hanji tsotsewa. Jiƙa shi, ko barinsa ya tsira ko ya yi tsami, na rage wannan. A haɗa da wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, ɗan nama ko hanta in an samu. Ƙasar da ke da tashar kiwo ta Tukunus, inda ake renon shanun Azawak da suka yi suna wajen nono, bai kamata yaranta su rasa madara ba.

Sai rigakafin ƙyanda a wata tara da kuma allura ta biyu. Ƙyanda ba ƙuraje kaɗai ba ce: bincike na 2019 ya nuna tana goge wani babban kaso na abin da garkuwar yaro ta riga ta haddace, ta bar shi a buɗe ga wasu cututtuka. Yaron da ƙyanda ta goge masa tsohon karatu, yunwa kuma ta rufe masa makaranta, shi ne gudawa ko ciwon haƙarƙari ke ɗaukewa cikin kwanaki.

Ga ma'aikatan lafiya da hukumomi, kira biyu. Na farko, sallama daga cibiyar kula da tamowa kada ta zama ƙarshen bibiya, a ci gaba da duba yaron a watannin da ke biye. An gwada a Mirya ta jahar Damagaram an ga iyaye mata na iya awon dantse da kansu da zaren nan mai launi, wanda in ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, yaro na cikin hatsari. A koya wa kowace uwa a Kurfai. Na biyu, awon timus da na'urar hoton ciki ba ya buƙatar allura ko ɗibar jini, an kuma yi shi a ƙauyukan Gambiya. Cibiyar bincike ta CERMES da sashen koyon likitanci na Jami'ar Abdu Mumuni suna Yamai, kimanin kilomita 180 daga Filinge ta hanyar Baleyara. Su zo su auna mana timus ɗin yaranmu a kaka, su sake aunawa a tsakiyar damina, mu san halin da muke ciki da alƙalumanmu.

Kafin su iso, uwar da aka sallamo ɗanta daga jinyar tamowa ta riƙe wannan: kumatu kan riga garkuwa dawowa. Ta ci gaba da ba shi abincin da aka rubuta har ya ƙare, kada a raba shi da ƴan'uwansa, kuma da zarar zazzaɓi ko gudawa ko tari ya taso, a kai shi likita a ranar.